Mai rubuta manhaja a cikin aikin gwamnati

Abokan sana'ata a Kaduna, waɗanda da yawansu ke yi wa kamfanonin Legas ko na ƙasashen waje aiki daga ɗakunansu, sukan tambaye ni ko aikin gwamnati ya cancanci wahalarsa, tunda na taɓa karɓar aikin kwantiragi a wata hukumar jiha domin mayar da bayanan da ke cikin fayil-fayil zuwa kwamfuta.

Batun albashi ba ya buƙatar dogon bayani. Mai digiri yana farawa ne daga mataki na 8 a tsarin albashin ma'aikata, kuma duk wanda ya saba karɓar dala ya san ba don kuɗi zai shiga ba.

Abin da na tarar shi ne rubuta manhaja ne mafi ƙanƙanta a cikin aikin. Kafin a sayi na'ura ko da guda ɗaya, sai an rubuta takarda ta bi ta teburin darakta zuwa na babban sakatare, a duba ko tana da gurbi a kasafin kuɗin shekarar, sannan a bi ƙa'idojin ba da kwangila. Tun da jihar ta koma asusun bai ɗaya a 2015, wato tara kuɗaɗen gwamnati duka a asusu guda, hukuma ba ta da wani kuɗi a gefe da za ta taɓa don gaggawa. Ban ga laifin waɗannan matakai ba, domin dukiyar jama'a ake tsarewa. Inda na ga gyara shi ne yadda ya fi sauƙi a amince da sayen sababbin kwamfutoci, waɗanda ake iya ɗaukar hotonsu ranar ƙaddamarwa, fiye da a amince da kuɗin intanet, man janareta da sabunta lasisi, alhali waɗannan ne ke riƙe tsarin bayan an watse.

Dattawan rajista, wato ofishin ajiye fayil-fayil, su ne suka fi taimaka mini. Sun san dalilin da ya sa fayil ɗaya ke da lamba biyu, sun san sa hannun da doka ta wajabta da wanda al'ada ce kawai, kuma sai da na zauna da su kafin manhajar ta yi daidai da yadda ake aiki.

Abin da ke jawo mutum kuwa shi ne faɗin tasirin. Jihar da ke da ƙananan hukumomi 23, wadda ta mayar da harkar takardun filaye ga KADGIS, hukumar tattara bayanan filaye ta jihar, kuma ta yi zaɓen ƙananan hukumomi da na'ura a 2018, tana ba ƙwararre aikin da ya shafi manomin Birnin Gwari da ɗan kasuwar Kafanchan a lokaci guda.

Ga wanda ya nemi shawarata, nakan ce kafin ya sa hannu ya nemi a nuna masa gurbin kula da tsarin a kasafin baɗi, kuma a haɗa shi da ma'aikatan dindindin waɗanda za su karɓi manhajar da kalmomin sirrinta ranar da kwantiraginsa ya ƙare.