Wasiƙa Daga Kumasi: Waye Ɓeran Cikin Rumbu?

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Lafiya lau nake, iyali ma haka. Na gaishe ku a dunƙule, don tambayoyinku sun cika min waya: yaya abinci, yaya kasuwar Kejetia, nawa ake canjin sidi (kuɗin Ghana), ana gane Hausar Zango kuwa? Duk zan taɓa su in Allah ya yarda. Amma bari in fara da abin da ya hana ni barci jiya.

Akwai wani shirin 'yan leƙen asiri mai dogon zango da ya kama mutanen unguwarmu a Aboabo. Ba zan faɗi sunansa ba, na san halinku, yanzu wani zai leƙa intanet ya turo min ƙarshen labari. Wata hukumar tsaro ce, duk tarkon da ta ɗana sai ta tarar abokan gaba sun riga sun ji. Da ɗan gari kan ci gari ke nan. To waye? Kallon bai kai awa ɗaya ba, amma gardamar sai ta kai mu sha biyun dare a majalisa, wadda a nan suke ce wa bes, ga butar ataya, wato shayi, a kan gawayi.

Mun kasu uku. Matasa sun ce ogan hukumar ne, hujjarsu ita ce duk sanda aka yi asara sai a nuno shi yana juya zobensa. Telan da muke zama a ƙofar shagonsa ya ce wannan yaudarar masu shirin ce, wanda aka fi haska maka ba shi ne ɓarawo ba. Shi zarginsa na kan jami'in da aka ce ya ƙone a mota, don a ƙa'idarsa in ba ka ga gawa ba kada ka je ta'aziyya. Ni ina bayan tela, amma da sharaɗi: in mutumin ya dawo da rai, sai an gaya mana wanda aka binne.

Kashi na uku ne ya sa na sha kunya. Hausar nan ba ta cika raba mace da namiji ba, sai ka ji an ce "Hajiya ya tafi kasuwa". Kwana uku wata Hajiya mai sayar da wake da shinkafa tana ce min "shi ne, Malam, duba yadda yake kallon waya", ni kuma ina ta kare direba, ashe sakatariyar ofis take nufi.

Wani dattijo, tsohon direban babbar mota, shi ya tsaya mata. Ya ce, "Yara, ku ba ku san Ghana ba." A 1985 an kama Sharon Scranage, ƙaramar ma'aikaciyar CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, da ta yi aiki a Accra, saboda ta ba saurayinta Michael Soussoudis, ɗan uwan Jerry Rawlings, shugaban Ghana na lokacin, sunayen 'yan Ghana da ke yi wa Amurka leƙen asiri. Shi ma Soussoudis an kama shi a Amurka, aka yanke masa shekara 20, daga baya aka yi musayarsa da wasu daga cikin mutanen da aka tona. Baba ya ce ba janar ba ne ya fasa ƙwai, mai riƙe da fayil ce. Majalisa ta yi tsit. Don kada a bar gida a baya, na ce, "Baba, mu ma muna da namu." Na ba su labarin Umaru Dikko, ministan sufuri a gwamnatin Shagari, da aka sace a Landan a watan Yulin 1984, aka yi masa allurar barci, aka sa shi cikin akwati. A filin jirgin Stansted asiri ya tonu, domin akwatin ba shi da cikakkiyar shaidar kayan diflomasiyya, jami'an kwastan suka buɗe. Duk wannan shiri, takarda ta rushe shi.

Tunda an zo kan takarda, ku ba ni dama in huce. Ɗan ƙasar ECOWAS na shigowa ba biza ya yi kwana 90, daga nan sai neman izinin zama da katin shaidar baƙi. Sau huɗu ina zuwa wani ofis. Ranar farko na'ura ba ta aiki. Ta biyu aka ce hotona ya yi duhu. Ta uku aka gano fasfona ya ce Muhammad, takardar haya ta ce Mohammed, wasiƙar wurin aiki kuma Muhammed. Matar ta jera su a tebur ta dube ni kamar yadda ake duban sakatariyar nan, ta ce cikin ukun wanne ne ni? Sai da na je na yi rantsuwa a rubuce cewa duk ni ne. Da na ba da labari a bes, tela ya ce an gama bincike, ga mai suna uku nan a cikinmu. Har yau Ɗan Leƙe suke kirana. Mai niyyar tahowa dai ya zauna ya daidaita harufan sunansa tun daga gida.

Abin da ya burge ni shi ne dokar 'yan bes ɗin: duk wanda ya riga mutane kallo a waya ya zo ya ɓata labari, shi zai sayi ganyen shayi da sukari na mako guda. A majalisarmu ta gida kuwa mai yin haka shi ne gwani, kuma gardamar fim ba ta minti goma ta koma gori.

Abinci lafiya, akwai koko da ƙosai, tuwo ma har sunansa tuwon zafi. Kejetia sai wani jiƙon. Jiya dai an kai inda ɓeran ya turo ƙofa, takalminsa kawai aka nuno, sai wuta ta ɗauke, abin da suke kira dumso. Hajiya ta rantse takalmin mata ne. Tela ya ce shi ɗinki ne sana'arsa, kuma ƙafar wandon da ya gani ta namiji ce.

Naku,
Ɗan Leƙe, Aboabo.