Jinga ko biyan awa: yadda nake ɗaukar masu aiki ta intanet

Ina da shagon shadda da huluna a kusa da Ƙofar Ƙaura a Katsina, kuma yanzu wani kaso mai tsoka na cinikina daga waya yake zuwa. Masu saye daga Abuja da Legas da Maraɗi ba sa ganin kaya sai a hoto, don haka dole na riƙa ɗaukar masu gyaran hoto, masu zane da masu haɗa shafin intanet. Wasu a Fiverr na same su, wasu a Upwork (shafukan intanet ne da ake ɗaukar masu aiki a cikinsu), wasu kuma yaranmu ne na gida da suka gama Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua. Kowane lokaci tambayar ɗaya ce: a yi jinga, ko a biya gwargwadon awannin da aka yi?

Duk wanda ya taɓa sa 'yan ƙwadago a gona ya san hanyoyin nan biyu. Mai jinga yakan zagaya gonar ya ga faɗinta da yawan ciyawarta kafin ya yanka kuɗi, shi kuwa mai aikin yini sai ka tsaya a kansa. Aikin kwamfuta ma haka yake, sai dai sau da yawa ba a ganin iyakarsa tun daga farko.

Aikin da zan iya bayyanawa tun daga farko har ƙarshe, jinga nake bayarwa. Tambarin shago, cire bayan hotunan huluna, zanen tallar Sallah. Ina rubuta adadin hotuna, girmansu, ranar kawowa, da sau nawa za a yi mini gyara ba tare da ƙarin kuɗi ba. A Upwork kuɗin jinga ana ajiye shi a hannun kamfanin, mai aiki ya ga cewa kuɗi na nan, ni kuma ba a sakar masa sai na amince. Amma a kula: idan ya miƙa aiki ka yi shiru har kwana 14, za a sakar masa kuɗinsa. A Fiverr kwana 3 ne kacal. Ɗan kasuwar da ya tafi saro kaya Kantin Kwari ya manta da waya zai iya dawowa ya tarar an rufe ciniki. Babban aiki kuwa ina raba shi zango-zango, kowane zango da kuɗinsa, ta yadda ko mun rabu a tsakiya babu wanda ya cuci wani.

Akwai kuma batun dala. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da ke wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Mai aikin da ke karɓar dala 15 a awa, in ya yi awa 10 a mako, dala 150 ke nan, wato naira 225,000 a wancan canjin. Ƙaramin shago ba ya iya barin irin wannan ƙofa a buɗe. Jinga tana ba ni damar sanin abin da zan kashe tun kafin a fara.

Sai dai akwai aikin da jinga ba ta yi masa adalci, kuma wannan ne ya fi damuna. Shafina ya taɓa daina karɓar biyan kuɗi, mutane suna zaɓar kaya amma ciniki ba ya kammala. Na nemi wani matashi ɗan Daura da muka saba aiki, na ce ya faɗi kuɗinsa. Ya ce, "Alhaji, ai ban san abin da ya lalace ba tukuna. In na yanka da yawa na cuce ka, in na yanka kaɗan ni na cutu. A bar ni in duba na awa biyu, sai in gaya maka gaskiyar magana." Na ce, "To Malam, duba, Allah Ya taimaka." Maganarsa gaskiya ce. Wanda aka tilasta wa yanka farashi a kan abin da bai gani ba, ko dai ya ninka kuɗin don ya kare kansa, ko ya yi aikin shafa-shafa da zarar ya ga asara ta tunkaro shi. Malaman fiƙihu ma sun shardanta a san lada, a kuma san aikin ko lokacin da aka ɗauki mutum a kai. In aikin bai sanu ba, lokacin ne ya rage a auna.

Biyan awa yana da linzaminsa. A Upwork mai ba da aiki na iya sa iyakar awannin mako, kuma manhajarsu tana ɗaukar hoton fuskar kwamfutar mai aikin kusan sau shida a awa, ka duba abin da yake yi. Ni ban cika dogara da hotunan ba, don sau da yawa mai gyaran shafi tunani yake yi ba bugawa ba. Na fi son ya turo mini gajeren bayani a ƙarshen mako: me aka gama, me ya rage. Da yaran gida kuma muna yarda tun farko cewa lokacin da wuta ta ɗauke ko intanet ta yanke ba ya cikin lissafi, amma kuɗin data da man janareta ina sa su a cikin ladan awa, domin daga aljihunsu suke fita.

Sabon mutum ba na fara shi da awa ko kaɗan, sai da ƙaramar jinga, in ga hannunsa da cika alkawarinsa. In kuma ana tsakiyar jinga na ga ina son ƙarin abin da ba mu rubuta ba, kamar sabon shafi na kayan lefe, ni nake fara cewa a yi masa kuɗinsa daban. Yawancin yaranmu kunya ba ta barin su tambayi babba ƙari, sai su yi shiru su yi aikin kyauta.