Lam Huɗun da Na Ƙara wa Hilux Ɗina, da Abin da Suka Jawo Mini

Sana'ata sayen amfanin gona ce. Daga kaka har zuwa bazara ina bin kasuwannin ƙauye, in ɗauko wake da riɗi da aya in kawo Maraɗi. Motar da nake wannan aiki da ita Toyota Hilux ce ƙirar 2008, wadda na saya a hannu. A kan kwalta, ko Tasawa za ka ko Gidan Rumji, ba ka da abin cewa a kanta. Amma ka saki babbar hanya wajajen Kornaka ka shiga burji, ko ka gangara rairayin Gulbin Kaba da buhu 8 a baya, sai ta koma kwalekwale. Ta yi rangaji dama, ta yi hagu, in ka faɗa rami ɗaya sai ta yi ta lilo har sau uku kafin ta natsu. Wani lokaci ka ji "dum!" daga ƙasa, wato gatarin baya, ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, ya daki robar da ke jikin shasi.

Da na gaji, sai na yi abin da kowa ke yi a tasha: na ce a ƙara mini lam, wato faifayen ƙarfen nan da ake jerawa a kan gatarin baya don su ɗauki nauyin mota. Wani mai walda ya tono guda huɗu a cikin tarkacen wata tsohuwar mota, ya yanke su daidai tsawo, ya huda, ya cusa bibbiyu kowane gefe. Da aka sauke ta daga jak, bayanta ya ɗaga sama kamar zakara zai yi cara. Na ji daɗi ƙwarai. Kashegari na yi lodin buhu 9, ko gezau ba ta yi ba, na ce to, magana ta ƙare.

Ashe ban yi lissafin tafiya ba, dawowa kaɗai na lissafa. Mai sayen kaya a ƙauye fanko yake fita da safe, rabin tafiyarsa ke nan babu komai a baya. A nan motar ta nuna mini halinta. Kan gargadar burji, irin wadda ke jere kamar kwanon rufi, bayan motar ya daina bin ƙasa, sai tsalle. Haƙoranka na haɗuwa, madubi na rawa, gilashin ƙofa na kaɗawa. Wata Juma'a na ɗauki Inna zan kai ta gaisuwar rasuwa wani ƙauye bayan Tibiri, tana rungume da kwanon fura a cinya. Ba mu yi nisa ba murfin ya tashi, fura ta wanke mata zane. Ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, motar taka ce ta lalace ko kuwa da gangan kake yi mini?" Na ce, "Inna, gyara aka yi mata." Ta ce, "To Allah Ya sawwaƙe mana irin wannan gyara."

Wannan abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba ya zo bayan kwanaki kaɗan, a wata kwana mai gargada, da bayan motar ya zame gefe ɗaya ina riƙe da sitiyari, na tsinci kaina ina kallon gonar wani. Allah Ya kiyaye babu amalanke a wurin. Tayar da ke sama ba ta riƙe hanya, ba ta kuma kama birki, wannan na gane shi a jikina.

Wani abokin sana'a ne ya kai ni wajen wani dattijon makanike a unguwar Zariya, wanda ya yi shekaru yana gyaran motocin masu aikin daji. Bai ko tambaye ni abin da ke damunta ba. Ya ce in ɗauke shi mu fita. Muka yi kamar minti 20 a kan burji, ya ce in tsaya. Ya durƙusa, ya miƙa bayan hannunsa a hankali ya taɓa amortisa, abin da mutanen Katsina ke ce wa shokazoba. Ya ce, "Ɗana, zo ka taɓa." Na hagu da ɗan ɗumi, na dama kuwa sanyi ƙalau kamar randa. Ya ce, "Wannan ya daɗe da mutuwa, ado kawai yake yi maka."

A gindin wata bedi ya yi mini bayanin da har yau nake amfani da shi. Lam ita ke ɗaukar nauyi, amma ba ta san tsayawa ba: in ka danne ta sai ta mayar, ta sake dawowa. Amortisa ba ya ɗaukar nauyin ko tiya ɗaya. Aikinsa ya kashe wannan lilon, ta hanyar tura mai ta cikin ƙananan ƙofofi, ƙarfin girgizar ya zama zafi. Shi ya sa mai aiki yake ɗumi, matacce yake sanyi. Rangajin da ya dame ni tun farko, mafi yawansa daga nan yake. Ni kuma na bar mai laifi na je na ɗaure wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Na ce, "Baba, to dukan da take yi a ƙasa in na yi lodi fa?" Ya ce a bari a kwance a gani.

Da aka kwance, sai ga lam ta biyu a gefen dama ta tsage daidai wurin ƙusar tsakiya, tsagar har ta yi tsatsa, alamar ta riga ƙarin da na yi. Robobin da ke idon lam sun cinye, ƙarfe na cin ƙarfe. Waɗanda aka ƙara mini kuma kaurinsu ba ɗaya ba ne, ɗaya har da shuɗin wuta a jikinta, wato an gasa ta kafin a lanƙwasa. Ƙarfen lam kuwa in ya sha wuta irin haka, ya rabu da ƙarfinsa ke nan.

Ya nuna mini wani abu da ban taɓa lura da shi ba duk shekarun da nake tuƙa motar. A ƙasan jerin lam akwai wata mai kauri, kusan miƙaƙƙiya, wadda ba ta taɓa sauran in motar na fanko. Sai an yi lodi, na sama sun kwanta a kanta, sannan ta karɓi aiki. Da gangan masu ƙira suka yi haka, don motar ta yi laushi in babu kaya, ta yi ƙarfi in da kaya. Cushen da na yi ya rushe wannan dabara. Akwai kuma wani siririn ƙarfe da ya haɗa gatari da wani bawul na birki. Shi ke auna yadda baya ya zauna, ya ƙara wa tayoyin baya ƙarfin birki in nauyi ya yi yawa. Da na ɗaga bayan, sai bawul ɗin ya riƙa ɗauka motar ba ta da kaya alhali buhu 9 ke kanta. Da na ji wannan sai da gabana ya faɗi.

Aikin ya ci kwana biyu. An fitar da lam huɗun nan duka, an sauya wadda ta tsage, an sa siririya doguwa guda ɗaya tak kowane gefe saboda yawan lodina. Robobi sababbi, ƙusoshin da ke ɗaure lam da gatari su ma sababbi, don ya ƙi yarda a mayar da tsofaffin. Amortisa huɗu na saya, KYB masu gas. Gas ɗin naitirojin ne, yana danne man don kada ya yi kumfa in gargada ta yi tsawo, domin mai in ya yi kumfa amortisa ya saki ke nan. Za ka gane mai gas tun a shago: ka danne shi da hannu, ka sake, zai miƙe da kansa. Jabu sun cika kasuwa, kwalinsu ma ya fi na gaske ƙyalli, don haka da Baba muka je saye. Na gaba sun fi wuya, domin Hilux daga ƙirar 2005 sifirin mai murɗi ne a gaba, amortisa na cikinsa, sai da abin matsewa ake fitar da shi. Na ga yaran gareji suna ja da baya lokacin da ake matsa shi, ni ma na bi su.

Abu ɗaya ya ba ni mamaki: bai ɗaure ƙusoshin robobin tamau ba sai da aka sauke motar ta tsaya da ƙafafunta. In aka ɗaure tana rataye, robar za ta zauna a murɗe, ba za ta yi wata nawa ba ta yage. Daga nan aka gyara saitin bawul ɗin birki, aka kai ta aka daidaita tayoyin gaba.

Sai maganar iska, wadda ba ta ci mini ko dala ba. Mai facin da nake zuwa wurinsa da dutsen hannu yake aunawa, ya buga taya ya saurara. Da aka sa ma'auni, kusan "ba" 4 (awon ƙarfin iskar taya) ke cikin kowace. Yanzu ina da ma'aunina da ƙaramin famfo mai aiki da batir. In fanko nake, ba na wuce abin da aka rubuta a jikin ƙofa. In zan shiga rairayi mai zurfi nakan rage zuwa wajen 1.5, tayar ta baje ta hau saman yashi maimakon ta tona. Da na hau kwalta sai in mayar, musamman da kaya, domin taya mai ƙarancin iska a zafin watan Afrilu fashewa take.

Bayan mako guda na koma aka sake matse ƙusoshin gatari kamar yadda ya umarta, kuma kowace sai da ta ƙara juyawa. Lodi na tsayar da shi a buhu 8, ko da dillali zai yi ta roƙo. Motar ba ta zama ta alfarma ba, gargada na nan, ana jin ta. Sai dai yanzu in ta faɗa rami sau ɗaya take dirowa ta zauna, bayanta kuma na bin gabanta a kwana. Lam huɗun da aka cire suna nan jingine a zaure, wani maƙeri ya ce zai saya ya ƙera adda da su. Inna kuwa har yau in za ta shiga motar sai ta ɗaure murfin kwanonta da ɗankwali.