Farin da ya koma tsanwa

Ranar Asabar da ta wuce na je ɗaurin aure a unguwar Zariya da ke nan Maraɗi, kuma ɗan ƙanwata aka ɗauka ya yi hoto. Shekararsa ashirin da biyu, kyamarar da ke wuyansa ta fi duk wadda na taɓa riƙewa tsada. An kafa rumfar shuɗin tamfol a ƙofar gida, hantsi ya dubi ludayi, dattawa sun cika ƙarƙashinta da fararen shaddodi. Na matsa kusa da shi na ce ya nuna mini abin da ya ɗauka. Ina duba bayan kyamarar gabana ya faɗi. Kowa ya yi shuɗi-shuɗi har liman, fuskoki sun dushe kamar na masu jinya. Na ce masa, ɗana, duba farinka. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Kawu, bar shi, in na koma gida zan gyara a waya."

Daren nan ban yi barcin kirki ba, don ni ma da bakina na taɓa faɗin wannan magana, sai dai ni kwamfuta na ce.

Da fim na fara sana'ar nan. Mu dai mu ɗauka, mu kai wurin wanki, wani lokaci ma a ba direba ya bi ta Jibiya da Katsina ya kai Kano. Hoto ya dawo da launi mai kyau, mu karɓi yabo. Ashe mutumin da ke zaune gaban injin wanki shi ke rage rawaya, ya ƙara shuɗi, ya rufa mana asiri, ba mu sani ba. Da kyamarar dijital ta shigo sai na saya ta hannu a Kano, babu takardar bayani, kuma duk abin da ke cikinta da Ingilishi yake, ni kuwa Faransanci na ɗan taɓa a lakkol. Na ga wani maɓalli an rubuta WB, wanda daga baya na gane na daidaita fari ne, na tambayi wanda ya sayar mini, ya ce in bar shi a kan AWB, wato kyamara ta daidaita da kanta, kyamara ta fi ni sani. Haka na bar shi shekara biyu. Wa zai koya mini? A lokacin duk Maraɗi ban san mai hoton da zai zaunar da kai ya yi maka bayanin launin haske ba, kowa ɓoye ɗan abin da ya sani yake. Ina faɗin wannan ne don gaskiya ce, amma na san ba ta wanke ni ba.

Abin da ban gane ba shi ne haske kansa yana da launi. Idon ɗan Adam yana gyara wa kansa: farar riga fara ce a wurinka ko a rana, ko a inuwa, ko a gaban fitila. Kyamara ba ta da wannan baiwar, sai an gaya mata, ko ta yi canke. Ana auna launin haske da ma'aunin Kelbin. Tsohon ƙwan lantarki mai zare yana wajen 2700 zuwa 3200, shi ya sa yake ba da ruwan ɗorawa. Rana tsaka da filasha suna wajen 5500. Ranar hadari ta kai 6500, inuwar gini kuwa tana haura 7000, tana jan hoto zuwa shuɗi. Doguwar fitilar nan ta silin ita ce muguwa, don bayan wannan lissafin tana zuba wani tsanwa-tsanwa da ido ba ya gani sai a hoto.

Bikin da ya tona mini asiri na ƴar maƙwabcin mahaifina ne, mutumin da ya ƙi ɗaukar kowa ya ce sai ni, don a hannunsa na girma. Da dare aka shigar da ni ɗakin amarya. Doguwar fitila a sama, ƙwai mai rawaya a bakin ƙofa, janareta yana ta sama da ƙasa da wutar. Batirin filashata ya mutu tun ban yi rabin aiki ba, kuma ban zo da wani ba. Amarya na zaune a bakin gado cikin farin leshi, lalle ya kama hannunta ja wur, kakarta ta dafa kafaɗarta. Na ɗauka, na duba ɗan allon baya, na ga leshin ya yi kamar ruwan gansakuka. Na gani fa, ba zan ce ban gani ba. Amma mata sun cika ɗaki, ana guɗa, ana ce mini in yi sauri motar kai amarya ta iso. Na ce a raina, gobe na gyara a kwamfuta.

Washegari na zauna gyara. In na rage tsanwa sai fuskoki su koma ruwan hoda, in na gyara na tsakiyar ɗaki sai na bakin ƙofa su zama ruwan goro, don haske iri biyu ne ya haɗu a hoto ɗaya, kuma ma'auni ɗaya ba ya gyara biyu. Ga shi a tsarin adana hoto na JPEG na ɗauka, wato kyamara ta riga ta dafa launin ta zubar da saura. JPEG matakai 256 kawai yake riƙe wa kowane launi, ja da tsanwa da shuɗi, da ka ja shi da ƙarfi sai fata ta yi dabbare-dabbare. Na yi ta ja ina adanawa a kan na asali. Katin kyamarar da ke adana hotunan kuma na goge shi, don shi kaɗai gare ni kuma ina da suna da safe. Allon kwamfutata ma ya tsufa, yana nuna komai da rawaya, saboda haka abin da na ga ya yi dama-dama a gida, da aka wanke a takarda sai ya fito wani abu dabam.

Uwar amarya ta buɗe albam ɗin a tsakar gida, ta juya shafi uku, ta tsaya. Ta ce, "Wannan ba ƴata ba ce." Ba ta ɗaga murya ba.

A nan na yi abin da ya fi lalata hoton muni. Na ce hodar da mai kwalliya ta shafa mata ce ba ta karɓi haske ba. Aka yarda da ni, don ni ne mai na'ura. Matar nan mai kwalliya, bazawara ce da ƴaƴa, na ji daga baya gidaje biyu a layin sun fasa kiranta. Na sha gaya wa kaina cewa yaro ne ni lokacin, ina da sabon aure, in na amsa laifi kasuwata ta mutu, kuma hodar ma ai ta yi yawa. Wataƙila ta yi yawan. Amma hoda ba ta mai da farin leshi tsanwa, na sani, kuma na yi shiru. Kakar amarya ta rasu kafin damina ta zagayo, hoton nan shi kaɗai ne suke tare a ranar. Mahaifin yarinyar bai taɓa yi mini maganar ba har ya koma ga Allah, ya biya ni kuɗina cif, wannan kuwa ya fi zagi ciwo.

Na zauna da niyyar rubuta wa yaran yanzu shawara goma, har na jera su a takarda. Da na duba sai na ga yawancinsu surutu ne. Ga waɗanda suka rage.

Ka sayi kati mai ruwan toka, irin na masu hoto, ka sa a jaka. Kana shiga wuri, kafin ka ɗauki kowa, ka riƙe shi daidai inda fuskar mutum za ta kasance, ka ɗauke shi ya cika ido, ka gaya wa kyamara wannan ne ma'auni. A kyamarar Nikon wurin ana ce masa PRE, sauran ma kowace tana da nata. Minti ɗaya ne. Ka bar ɗaki ka fita tsakar gida, ka sake. Kada ka auna da farar rigar wani, don rigunanmu bula ake sa musu, kyamara za ta ga shuɗi ta rama da rawaya, hoton duka ya yi ɗorawa. In babu kati, to ka auna da rigar, ya fi babu. In kuma da lambar Kelbin kake so ka yi, ka tuna kana gaya wa kyamara irin hasken da ke wurin ne: ka sa 3000 a tsakar rana, komai zai yi shuɗi.

In haske biyu ya haɗu, kashe ɗaya. Ka roƙi masu gida da ladabi, ba wanda zai hana ka. In rumfa shuɗiya ce ko ja, ka jawo ango da waliyyai bakin rumfa, ko ka kunna filasha, don tamfol ya riga ya tace hasken, abin da bai iso fuska ba babu manhajar da za ta dawo da shi yadda yake. Amma ku yaran yanzu kunya kuke ji ku ce wa babba ya matsa taku biyu, ba ku jin kunyar kai masa hoton da ya koma kamar gawa.

Ka ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoto. Nan kyamara ba ta dafa launin ba, matakan sun kai 4096 ko 16384 maimakon 256, kana iya zuwa manhajar gyaran hoto ta Lightroom ka taɓa katin tokan da ke cikin hoton da ɗan tsinken nan mai kama da abin ɗiga magani a ido, launi ya zauna, ka kwafa wa sauran hotunan ɗakin. Da ina da wannan a daren can da ban yi ƙarya ba. Sai dai ina tsoron ba ku wannan shawarar, don ita ce za ta ƙara muku lalaci, ku ce ai RAW ne, a gyara daga baya. Kuma gyaran naku a waya kuke yi, da dare, allo ya koma rawaya saboda kare ido, sannan ku ɗora wa fuska tacewar da ke mai da baƙar mace fara kamar ba ƴar gidansu ba. Uwa tana son ta ga ƴarta da kalar da ta haife ta.

Kullum ina cewa kada a yarda da AWB, kuma ina nan a kan bakana, ko da yake na kyamarorin yanzu a fili da rana yakan fi idona daidai, na gwada na gani. Kuma ba kowane rawaya ne ake kashewa ba. Hasken la'asar sakaliya a kan dawakin hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Katsina, ko jan hazon hunturu a bakin Gulbi, in ka mai da su fari tas ka kashe hoton. Yadda za ka bambance wanda za a bari da wanda za a cire, wannan ban san yadda zan rubuta shi ba, shekaru ne suka koya mini.

Na asali kuma kada ka taɓa adana gyara a kansa. In ka ɓata, ka ce kai ka ɓata.

Katina na ruwan toka na raba shi biyu da almakashi, na kai wa ƙanwata rabi na ce ta ba ɗan nata. Jiya na bi ta gidan, yana nan a kan firij inda na ajiye. Ta ce yana da wani biki a Tibiri ranar Asabar, ni kuwa na ce mata ta gaya masa zan zo in riƙe masa jaka.