Zafin ɗaki daga rufi yake saukowa

Da muka zo gina ƙaramin asibiti da ajujuwa uku a wani ƙauye na ƙasar Daura, ba mu fara da zancen sola ba, da igiya da turke muka fara. Dogayen bangaye suka kalli kudu da arewa, gajerun suka kalli gabas da yamma, kuma ko taga ɗaya ba mu huda a yamma ba. Ranar la'asar ta watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, in ta samu bango sai ɗaki ya kwana yana turiri.

Rufi ne ya fi cin hankalinmu. Mun ɗaga silin zuwa mita 3 da rabi, muka sa farin kwano, muka bar sarari tsakaninsa da silin tare da kafofi a gefe biyu don iska mai zafi ta samu mafita. Nan muka yi kuskure: kafofin a buɗe muka bar su. Kafin damina ta fita jemagu sun tare, warin kashinsu na saukowa ɗakin haihuwa. Sai da aka kwance silin aka share, sannan aka buga ragar waya mai ƙananan ido. Da tun farko aka buga, kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Baranda mai faɗin mita 2 muka yi a kudu, muka raina arewa. Ashe daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana kan karkata arewa a yankinmu, don haka can ma sai da aka ƙara bakin kwano.

Bango na bulon ƙasa ne da aka matse da ɗan siminti, kauri santimita 30, bisa harsashin kankare da ya ɗago rabin mita daga ƙasa, saboda feshin ruwan sama gindin bango yake ci. Tagogin aji suna kallon juna. Da hunturu a rufe na gefen ƙura, a bar ƙananan kafofin sama.

Firjin allurar rigakafi, wanda dole ya zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8, da batura muka ajiye a ɗakin da ya fi sanyi, don zafi na rage wa batir kwana. Bayan wannan, fanka da kwan LED kawai sola ke ɗauka. Faifan sola kuma duk mako ake wanke shi da hunturu, da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi.