Yadda na gano abin da ya hana katin Wi-Fi aiki a kan allon i.MX6

An ba ni aikin haɗa wata ƙaramar na'ura mai tattara bayanai, wadda aka gina a kan masarrafar i.MX6, kuma ana so ta riƙa aika bayanan ta hanyar katin Wi-Fi da ake sakawa a ramin mini PCIe. Katin na Atheros ne, irin wanda direban ath9k na Linux ke tuƙawa (direba a nan shi ne manhajar da ke sarrafa wani sashe na na'ura), kuma na zaɓe shi ne saboda ba ya buƙatar a loda masa wata manhaja ta daban kafin ya tashi. Na haɗa kanel ɗin, wato zuciyar tsarin Linux, da manhajar haɗa tsari mai suna Buildroot, na kunna na'urar, sai na tarar babu alamar Wi-Fi ko kaɗan.

Kwana biyu na ɓata a kan direban. Na mai da shi modul, wato sashen da ake lodawa daban, na dawo da shi cikin kanel, na sake haɗawa sau da yawa, alhali ban taɓa tambayar kaina ko kanel ɗin ma ya san akwai kati a ramin ba. Da na buga lspci, umarnin da ke jera na'urorin da ke kan layin PCI, a rana ta uku, ban ga lambar 168c ba, wato lambar shaidar Atheros. Direba ba ya kama kati sai an fara gano katin a kan layin PCI an karanta lambarsa, don haka duk wahalar da na sha a wancan ɓangaren banza ce.

Daga nan na koma tashar siriyal, hanyar da nake magana da allon daga kwamfuta, na bi saƙonnin kanel da umarnin dmesg ke nunawa layi bayan layi, inda na ga direban mai kula da PCIe yana cewa mahaɗar da ke tsakanin masarrafar da katin ba ta tashi ba. Abubuwa uku ne kati ke jira kafin ya amsa: wuta mai ƙarfin volt 3.3, agogon 100 MHz, da sakin layin sake-farawa da ake kira PERST#. Mita ta nuna mini wutar tana nan, osiloskop, na'urar da ke nuna siffar sigina, ya nuna agogon yana bugawa. Layin PERST# kuwa, wanda ya kamata ya sauka ƙasa na ɗan lokaci sannan ya hau sama ya zauna, sai na ga ya hau na ɗan lokaci ya sauka ya zauna a ƙasa. Ma'ana, kanel ɗin yana riƙe da katin a halin sake-farawa har abada.

Laifina ne. Na kwafi bayanin PCIe na bishiyar na'urori, wato fayil ɗin da ke gaya wa kanel yadda aka haɗa kayan allo, daga wani allo na gwaji ba tare da na duba zanen namu allon ba, kuma a namu akwai transista a tsakanin ƙafar GPIO, wato ƙafar masarrafar da ke fitar da siginar PERST#, da ramin, wadda ke juya siginar. Layi ɗaya na ƙara, wato reset-gpio-active-high, na sake haɗa bishiyar kawai ba tare da na taɓa kanel ba, katin ya bayyana a lspci kuma ath9k ya kama shi nan take.

Duk da haka katin bai ga ko tashar Wi-Fi ɗaya ba. A wannan karon ban koma kan direban ba, na buɗe /proc/interrupts, fayil ɗin da ke ƙidaya katsewa, wato siginar da kati ke aikawa don jawo hankalin masarrafa, na tarar ƙidayar ath9k tana kan sifili. Katin yana amfani da tsohuwar hanyar katsewa ta INTx, kanel ɗin kuma an haɗa shi da sabuwar hanyar MSI, sai na gwada ƙara pci=nomsi, wanda ke kashe MSI, a layin umarnin da U-Boot, manhajar da ke tayar da kanel, ke miƙa masa. Ƙidayar ta fara hawa, tashoshi suka bayyana. Na rubuta a takardun aikin cewa wannan gyara ya dace da mu ne saboda kati ɗaya tak ke kan layin, kuma duk ranar da aka sauya shi da mai buƙatar MSI dole a sake duba wannan saitin.