Maganin Gwiwar Baba da Shari'ar Wata Jami'ar Coci

Mahaifina ya daɗe yana fama da ciwon gwiwa, har ta kai ga yana yin sallah a kan kujera, kuma magungunan rage zafi da ya saba sha sun tayar masa da gyambon ciki. Da likita ya sauya masa magani, ni aka aika kyamis, na dawo da wani ɗan kwali mai ɗauke da sunan celecoxib. Ɗabi'ata ce in warware takardar da ake naɗewa cikin kwalin magani in karanta, ko da rubutun ya yi ƙanƙanta kamar sawun tururuwa. Daga wannan takarda na bi diddigin maganin, na tarar cewa an shafe kusan shekara shida ana shari'a a kansa tsakanin wani katafaren kamfanin magunguna da wata jami'a mallakar coci a Amurka.

Jami'ar ita ce Brigham Young, wadda ke garin Provo a jihar Utah. An kafa ta a 1875, kuma mallakar cocin nan ce da aka fi sani da Mormon, wadda ke ɗaukar kaso mai yawa na nauyin jami'ar daga ushirin da mabiyanta ke fitarwa, wato ɗaya bisa goma na abin da suka samu. Saboda haka albashin malami da wutar da ke ci a ɗakin gwaje-gwaje suna da alaƙa da aljihun manomi da ma'aikacin da suka ba da kuɗinsu da niyyar ibada. Wannan ne ya sa tambayar mallaka ta fi nauyi a irin wannan makaranta: idan bincike ya haifi dukiya, ta wane ne?

A wannan jami'a wani farfesan kimiyyar sinadarai mai suna Daniel Simmons ya gano wani sinadari a jikin halitta da ake kira COX-2, shi da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon a 1991. Kafin lokacin, magunguna irin su asfirin da ibuprofen suna rage zafi da kumburi, amma suna cin bangon ciki, domin suna toshe sinadarai biyu a lokaci guda: ɗaya yana kare tumbi, ɗayan kuma shi ne ke hura wutar kumburi. Da aka rarrabe na biyun, wato COX-2, sai hanya ta buɗe ta haɗa maganin da zai toshe shi kaɗai ya ƙyale na farkon. Duk mai hankalin kasuwa ya san cewa masu ciwon gaɓɓai a duniya miliyoyi ne, kuma ciwo ne da ake shan magani a kansa shekara da shekaru.

A 1991 ɗin jami'ar ta ƙulla yarjejeniyar bincike da kamfanin Monsanto, wanda a lokacin yake da reshen magunguna mai suna Searle. A 1992 kamfanin ya soke yarjejeniyar. A ƙarshen 1998 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani sabon magani na Searle mai suna Celebrex, wanda shi ne celecoxib, kuma aikinsa toshe COX-2. Kamfanin ya yi ta sauya hannu, ya haɗe da Pharmacia a 2000, sannan Pfizer ya sayi Pharmacia a 2003, ya gaji maganin da ribarsa ta biliyoyin daloli, ya kuma gaji rigimar.

A watan Oktoba na 2006 jami'ar da Simmons suka shigar da ƙara a kotun tarayya da ke Utah. Da'awarsu ita ce kamfanin ya karɓi kayan binciken farfesan da iliminsa, ya ba su shawarar kada su nemi takardar mallakar ƙirƙira, sannan ya janye jiki ya ci gaba da aikin shi kaɗai. Pfizer ya musanta, ya ce masanansa ne suka haɗa maganin da kansu. Ba a kai ga yanke hukunci ba, domin a watan Mayu na 2012, ana gab da fara sauraron shari'ar gaban masu taimaka wa alƙali, aka yi sulhu a kan dala miliyan 450, jami'ar kuma ta ce za ta kafa kujerar farfesa da sunan Simmons. Tun da sulhu aka yi, ba ni da hurumin cewa wane ne mai gaskiya.

Wurin da na fi tsayawa shi ne batun takardar da ba a nema ba. Ko da a ce da'awar jami'ar gaskiya ce ɗari bisa ɗari, ma'anarta ita ce ta bar wa abokin ciniki ya faɗa mata yadda za ta kare haƙƙinta daga shi kansa, kamar mai sayar da sa ya tambayi mahauci nawa ya kamata ya yi masa kuɗi. Ina zaton wannan rauni ya fi kusa da makarantun da aka gina a kan addini, inda ake tarbiyyantar da mutane a kan kyautata zato da riƙon amana, kuma malami yakan ji nauyin ya tsaya yana ja-in-ja a kan kaso, kada a ce son duniya ya shige shi. Halin abin yabo ne tsakanin 'yan'uwa, amma kamfani yana zuwa teburin yarjejeniya da lauyoyinsa, kuma abin da aka rubuta shi kotu za ta duba bayan shekara ashirin, lokacin da waɗanda suka yi musafaha sun yi ritaya ko sun rasu.

Adalci ne in ƙara da cewa takardar ma ba ta ba da tabbacin nasara. Jami'ar Rochester ta samu takardar mallaka a 2000 a kan hanyar magance ciwo ta toshe COX-2, ta kai masu Celebrex ƙara, amma a 2004 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da soke takardar, bisa hujjar cewa jami'ar ta bayyana abin da ya kamata magani ya yi ba tare da ta nuna maganin kansa ba. Gano ƙofa daban, ƙera mabuɗinta daban. Brigham Young kuwa da yarjejeniyar 1991 ta riƙe, wato rubutun da ke hannunta, ko da yake bai cika yadda ya kamata ba, shi ne ya kai ta teburin sulhu.

Akwai masu ganin cewa makarantar addini ba ta da abin haɗi da wannan harka tun farko, domin ilimi na Allah ne, kuma mu Musulmi mun san hadisin da ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye. Na ɗauki wannan magana da muhimmanci, amma ina ganin an haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Sharaɗin samun takardar mallakar ƙirƙira shi ne mutum ya bayyana sirrin abin da ya ƙirƙiro filla-filla a rubuce, kowa ya iya karantawa, a ba shi shekara 20 na cin moriyar kasuwancinsa, daga nan ya zama na kowa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta zartar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da Shari'a ta kare. Kuma idan jami'a ta ƙi riƙe haƙƙin, binciken ba ya komawa hannun talakawa, yana komawa hannun wanda ya fi saurin rubuta takarda. Mai riƙe da haƙƙi ne kaɗai ke da bakin gindaya sharaɗi, misali a sassauta farashi ga ƙasashe matalauta.

Sai kuma rabon cikin gida, tsakanin malami da jami'arsa. A Amurka dokar Bayh-Dole ta 1980 ta ba jami'o'i damar riƙe abin da aka ƙirƙiro da kuɗin gwamnatin tarayya, da sharaɗin su ba mai ƙirƙirar kaso. Duk da haka a 2011 Jami'ar Stanford ta faɗi shari'a da kamfanin Roche a Kotun Ƙoli, bayan da ya bayyana cewa takardar da wani mai bincikenta ya sa wa hannu ta ce ya yi alkawarin zai miƙa mata haƙƙinsa, alhali wadda ya sa wa hannu daga baya ga wani kamfani, wanda Roche ya gaji haƙƙoƙinsa, ta ce ya miƙa nan take. Bambancin "zan ba ka" da "na ba ka" ya raba jami'a da ikon mallakar fasahar gwajin cutar ƙanjamau ita kaɗai.

Mu ma muna da irin waɗannan makarantu, kamar Al-Qalam a Katsina, da Al-Hikmah a Ilorin, da Bingham ta cocin ECWA a Karu, waɗanda duka suka samu lasisi a 2005. Dokar Nijeriya ta 1970 a kan ƙirƙira ta ce abin da ma'aikaci ya ƙirƙiro a bakin aikinsa na wanda ya ɗauke shi aiki ne, sai dai yana da haƙƙin lada mai dacewa a wasu halaye, kamar idan ƙirƙirar tana da muhimmanci na musamman. Dokar ba ta yanke adadin ladan ba, ta bar wa kotu idan an kasa daidaitawa. Ɗalibin digiri na biyu ko na uku kuma, wanda galibi shi ke kwana a ɗakin gwaje-gwaje da kuɗin iyayensa, ba ma'aikacin jami'a ba ne, don haka matsayinsa ya dogara ne a kan abin da makarantar ta rubuta a ƙa'idojinta da abin da ya sa wa hannu ranar rajista.